Kayan da Kawu Ya Tsaya Wa

Kawuna, yayan mahaifiyata, dillalin shanu ne a Pitowa. Kakanninmu fatake ne da suka gangaro daga ƙasar Hausa suka zauna a Garwa, gidanmu duk 'yan atamfa ne, shi kaɗai ya bar rumfa tun yana saurayi ya bi shanu. Ba shi da garke, ba shi da kanti, bakinsa kawai gare shi. In ya ce sa lafiyayye ne kuma ba na sata ba ne, magana ta ƙare. In daga baya san ya ƙi huɗa, ko wani ciwo ya fito a jikinsa, ba a neman makiyayin da ya kawo shi, wanda wataƙila ya riga ya tsallaka Cadi. Kawu ake nema. Shi zai karɓi san ya ɗaure a gidansa, ya nemo wa mutum wani. Wannan shi ake kira tsayawa, kuma da shi Kawu ya ci abinci, ya aurar da 'ya'yansa, ya je Makka ya dawo.

Ni kuwa karatun kwamfuta na yi a Ngaundare, na dawo Garwa babu aikin gwamnati, na samu wata 'yar cibiya a unguwar Jambutu ina koya wa mutane buga takarda. Kwamfutocin wurin na mai cibiyar ne, ni ko ta aro ba ni da ita a gida. Abin da nake da shi ra'ayi ne, mai zafi kuwa. A jami'a na kamu da son wani tsarin tafiyar da kwamfuta wanda ba na wani kamfani ba ne. Mutane ne barkatai a duniya suka haɗa hannu suka gina shi, suka bar shi a buɗe, duk mai so ya ɗauka kyauta, ya leƙa cikinsa, ya gyara in zai iya. Duk inda na zauna sai na kawo zancensa, har abokaina suka rage kira na shan shayi. Ina da saurin hawa, ban ɓoye wannan ba. In wani ya ce tsarin nan wahala gare shi, sai in ji kamar gidanmu ya zaga.

Akwai wani dattijo, shugaban wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye bayan Pitowa. Mutanen duwatsun wajen Mokolo ne da suka sauko neman ƙasar noma, Kiristoci, suna noman masara da auduga da gyaɗa. Shi dattijon coci ne a cikinsu, dogo, mai magana a hankali kamar ana auna masa ita. Ni Baba nake ce masa. Shekara da shekaru duk san huɗar da ya shiga ƙauyen nan ta hannun Kawu ya shiga. Dukansu suna jin Fillanci sarai, amma da Hausa suke magana da juna, shi ya ce Alhaji, Kawu ya ce Dattijo. Wata shekarar ma Baba ba ya zuwa kasuwa, sai dai ya aiko a ce ana son sa ga wane, Kawu ya tura.

A shekarar da nake ba da labari, wani shirin tallafi ya ce zai ba ƙungiyoyin manoma takin zamani. Sharaɗinsu shi ne a shigar da kowane manomi da gonarsa a cikin wata manhaja tasu, a kai musu kafin damina. Wanda ya kai da wuri takinsa na cikin motocin farko, wanda ya makara ya jira na baya. Manhajar kuma ba ta tsayawa da ƙafarta, sai an fara saka mata wata a ƙarƙashi, wadda ake kira rumbun bayanai, inda sunaye da gonaki za su zauna. Ƙungiyar na da wata tsohuwar kwamfuta da aka ba su kyauta daga wata makarantar mishan. Wani mai gyara a Garwa ya ce su kawo ya saka musu komai a wuni guda. Baba bai san kan abin ba, don haka ya yi abin da ya saba yi in zai sayi abin da bai sani ba, ya zo wurin Kawu. Kawu kuma ya aika in zo.

Bayan la'asar na same su a zauren Kawu. Na gaishe su, na zauna daga bakin tabarma. Kawu ya ce, "Kai ne ka yi karatun abin nan. Mutumin Garwa ya ce zai yi. Kayansa mai kyau ne?"

Na ce, "Yana aiki, Kawu. Amma na sata ne."

Kawu ya ajiye kofin shayin da ke hannunsa. Na bayyana masa cewa tsarin da mutumin zai saka na wani kamfani ne da ke sayar da shi, su kuma masu gyara fasa makullinsa suke yi su yi ta sakawa ba da izinin masu shi ba. Na ce kowa haka yake yi a garin nan, har ofisoshi. Sannan na buɗe baki na zuba wa'azina na kullum a kan tsarin kyauta, yadda yake halal tsantsa, yadda ba ya kama cuta, yadda shirin tallafin da kansu suka rubuta cewa manhajarsu tana tafiya a kansa. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har yau ban janye ko kalma ɗaya ba.

Kawu ya saurara har na gaji. Sai ya ce, "To, wa ke sayar da shi?"

"Babu mai sayarwa, Kawu. Kyauta ne."

"In ya lalace wa ake nema?"

Na ce babu wani mutum ɗaya da ake nema. Na ce a jikinsa ma an rubuta da manyan baƙaƙe cewa an ba ka shi yadda yake, babu wanda ya ɗauki alhakinsa. In ya ba ka matsala, ka rubuta a dandalinsu, wani mai lokaci ya taimaka maka don Allah. Na faɗi wannan ina murmushi, don ni a wurina abin alfahari ne.

Kawu bai yi murmushi ba. Ya dubi Baba ya ce, "Dattijo, ka ji. Ɗaya na sata ne, ni kuwa ban taɓa sa bakina a kan kayan sata ba. Ɗaya na halal ne amma ba shi da mai tsaya masa." Ya dube ni. "Ka gwada shi da hannunka?"

Na ce na gwada. Na kuwa gwada, a kwamfutar cibiyarmu, ya shiga sumul kafin in gama cin ƙosaina.

Kawu ya ce, "To ni na tsaya masa."

Na ce, "Kawu, ai wannan ba sa ba ne, ba a tsaya masa." Ya ce in yi shiru, manya na magana. Baba ya miƙa masa hannu suka gaisa, ya tashi ya ɗauki kekensa. Ban ji tsoro ba a ranar. Daɗi ma na ji, don a karon farko wani babba a danginmu ya ɗauki aikina a matsayin kayan da za a iya sa baki a kansa.

Watan Afrilu ne, wanda duk ɗan Garwa ya san zafinsa. Ofishin ƙungiyar ɗaki guda ne mai rufin kwano a gefen cocinsu, da rana in ka taɓa bangon sai ka janye hannu. A ƙauyen rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kai ya kawo, don haka a Garwa nake sauke duk abin da nake buƙata in zuba a 'yar kile, filashin nan na ajiyar bayanai, in bi motar Pitowa, daga nan in hau mashin. Tsarin kansa ya shiga tsohuwar kwamfutar lafiya lau, na ma yi wa kaina kirari a zuci. Na zo kan rumbun bayanan. Rubutu fari ya yi ta gudu a kan baƙin allo, ya kusa ƙarshe, ya zo inda zai tayar da kansa, sai ya tsaya. Layi guda ya fito da Faransanci wai an samu kuskure. Wane kuskure, a ina, bai faɗa ba.

Na ce ba komai, bari in cire in sake. Na ba da umarnin cirewa, ya ce ba zai iya cirewa ba don bai gama shiga ba. Na ba da umarnin sakawa, ya ce ai yana ciki. Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba bai fita ba, kuma ya hana duk wani abu wucewa. Wallahi na san mutane masu irin wannan hali, amma ban taɓa zaton zan same shi a na'ura ba. Na goge kwamfutar kakaf na faro daga tushe. Ya sake tsayawa a daidai wurin nan. Na sake gogewa, ana tsakiyar aiki aka ɗauke wuta, na zauna ina kallon allon da ya mutu, gumi na bin bayana har cikin wando.

Haka na yi ta safa da marwa tsakanin Garwa da ƙauyen. Da safe in koyar a Jambutu, in saci lokaci in shiga dandalin masu tsarin in yi ta karatu. Na samu wani da ya kawo ƙara irin tawa sak tun watannin baya. Mutum na farko ya amsa masa da cewa shi a wurinsa yana aiki. Na biyu ya ce ya je ya karanta littafin bayani. Na uku ya ba shi wani dogon umarni ya ce ya gwada, mai ƙarar bai sake dawowa ba, ko ya yi masa aiki ko ya jefar da kwamfutar a kogi, Allah masani. Na kwafi umarnin na kai ƙauye, ya ƙara dagula abin. Na rubuta tawa ƙarar, da Faransanci da kuma 'yar Turancin da nake da ita, cikin ladabi kamar mai neman aure. Aka kwana biyu ba amsa, sannan wani ya rufe ta wai maimaici ce ta waccan ta farkon, wadda ba a warware ba.

Sai da na sha wuya kafin na gano bakin zaren. Waɗanda suka shirya sabon fitowar rumbun sun gina shi ne da zaton ƙwaƙwalwar kowace kwamfuta ta iya wani lissafi da sababbi kaɗai suka iya. Ba su sa ya duba kafin ya fara ba, ba su sa ya faɗi dalili in ya faɗi ba. A cikinsu babu mai tsohuwar na'ura irin tamu, shi ya sa babu wanda ya gani. Na ce to a koma tsohon fitowa. Tsohon ya ce shi sai da wasu tsofaffin ƙananan manhajoji, su kuma suka ce ba za su zauna da sabon tsarin ba. Na sauko da tsarin kansa baya, sai manhajar masu taki ta ce ita ba ta san wannan ba. Na roƙi mai cibiyarmu ya ara mini kwamfuta guda ta mako ɗaya, ya ce shi ba ƙungiyar agaji ya buɗe ba. Ban ga laifinsa ba, amma na gaya masa maganar da ta sa muka yi wata ba ma gaisawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan kama. In makaniki ya ɓata maka mashin ka san garejinsa, ka je ka yi masa tijara ka huce. Nan kuwa wa zan yi wa? Mutanen nan ba su karɓi ko sisina ba, aikinsu na sa kai ne, a lokacin hutunsu suke yi, kuma sun gaya mini tun farko ba su ɗauki alhaki ba. Sai in zagi allon, in zagi rufin kwanon, in fita in tsaya a inuwar dalbejiya ina huci. Sakatariyar ƙungiyar, wata mata mai haƙuri da ta tattaro takardun manoma ta jera a kwali tana jiran ranar da za mu fara shigarwa, ta daina tambayata yaya aiki. Sai dai ta ajiye mini ruwa a buta ta koma gida.

Baba kullum sai ya leƙo in ya dawo daga sharar gona. Ya tsaya a bakin ƙofa ya cire hula, ya ce, "Sannu da aiki, ɗana. Yana zuwa?" In ce yana zuwa, Baba. Ya ce madalla, ya tafi. Da ma faɗa ya yi mini da na fi samun sauƙi.

Da na ga hadari ya fara haɗowa ta gabas da yamma, ko da yake bai zubar ba, sai na sauke girman kaina. Na tsaya a Pitowa na sami Kawu yana alwala a ƙofar gida. Na jira ya idar da salla, na gaya masa komai. Na ce kayan nan ba zai shiga wannan na'ura ba kafin lokaci ya ƙure. Na ce akwai hanya guda, in saka wancan tsarin na kamfani, fasasshen, ni ma na iya, gobe war haka an fara shigar da sunaye. In taki ya zo sai in goge shi. Ni da na yi shekaru ina zagin masu yin haka, ni ne na durƙusa ina roƙon a bar ni in yi.

Kawu ya ce, "Na satan."

Na ce, "Na 'yan kwanaki ne, Kawu. Masu shi ba su ma san akwai Pitowa a duniya ba."

Ya ce, "Duk san satar da aka taɓa kawo mini, mai shi yana nesa." Ya ci gaba da jan carbinsa. "Na gaya wa Dattijo a gabanka ba na sa baki a kan sata. Yanzu in ce masa ɗan ƙanwata ya kai masa ita da hannunsa? Abin da na tsaya wa shi za a kai. In bai yiwu ba, a ce bai yiwu ba."

Na ɗaga murya a gaban Kawu, abin da ban taɓa yi ba. Na ce wannan ba kasuwar shanu ba ce, na ce gonakin mutane ne a kan layi, na ce babu wanda ya ce ya tsaya wa abin da masu shi ma suka ƙi tsaya masa. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce in je in gaida mahaifiyata.

Washegari da kansa ya hau mashin ya je ƙauyen, da farar rigarsa a cikin wannan rana. Ina cikin ofis na ji shi da Baba a waje. Ya ce, "Dattijo, kayan da na tsaya wa ya ƙi. Na sake ka. Ka kira mutumin Garwa, ba za ka ɓata mini ba." Baba ya ce, "Haba Alhaji. Yaro yana ƙoƙari. A ƙara masa kwana biyu." Kawu ya ce lokaci ya ƙure. Baba ya ce Allah ne mai lokaci. Suka yi ta mayar wa juna, kowa na yi wa ɗan'uwansa kara. Baba yana ganin in ya kira wani ya nuna wa duniya bakin Alhaji ya faɗi, Kawu kuma ba zai iya tilasta masa ya je ya ɗauko kayan sata ba. Ni ina zaune gaban allo, na san kwana biyun nan ba za su haifar da komai ba, na kuma fito na faɗa musu haka ƙarara. Baba ya dafa kafaɗata ya ce kada in karaya.

Kwana biyun suka zama mako. Sai da 'yan ƙungiya suka taru bayan coci suka yi masa ca, sannan Baba ya aika Garwa. Mutumin ya zo, ya goge duk abin da na yi, ya saka nasa, ya yi aiki. Bai ma yi mini dariya ba, ya ce shi ma ya taɓa gwada tsarin nan ya sha kashi. Ni da sakatariya muka zauna muka shigar da sunayen, don wannan kam ba wanda ya hana ni. Ranar da aka kai wa masu takin, an riga an rufe rabon motocin farko. A daren da ya biyo baya aka yi ruwan shuka.

Takinsu ya zo masara ta kai gwiwa. Wanda duk ya yi noma ya san abin da wannan ke nufi. Ba yunwa aka yi ba, kada in ƙara gishiri, amma gonakin ƙauyen sun yi ɗorawa-ɗorawa, zangarniya ta fito ƙanana, kuma ƙauyen da ke maƙwabtaka da su, da suka samu nasu da wuri, masararsu ta yi baƙi ƙirin don kyau. Hanyar da ke tsakanin gonakin biyu ita ce hanyar kasuwa, kowa ya bi ya gani. Aka ce mini Kawu ya je ya bi gonakin nan da ƙafa, ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa yana gaida masu su. Bai ba su haƙuri da baki ba, su ma ba su ce masa komai ba sai sannu da zuwa Alhaji. Da sa ne da ya san abin yi, ya karɓe shi ya kawo wani. Damina kuwa ba a karɓar ta a kawo wata.

A tsakiyar daminar, wata rana da hantsi ina cibiya, saƙo ya shigo cewa an taɓa waccan tsohuwar ƙarar. Wani mutum, ban san sunansa na gaskiya ba, ban san ƙasarsa ba, ya gyara. Layi kaɗan ya canza. Na nemo wata tsohuwar na'ura irin tasu a wurin wani mai gyara na gwada, ya shiga sumul, bai ko yi tari ba. Na zauna ina kallonsa yana aiki, sai na ji baƙin ciki ya taso mini, na fita waje don kada ɗalibai su ga idona.

Na je Pitowa na gaya wa Kawu, ina zaton zai ji sanyi, ya san kayan da ya tsaya wa ba na banza ba ne. Ya ce, "Wa ya gyara?" Na ce wani ne can, ban san shi ba. Ya ce, "Shi ya ɓata?" Na ce a'a, wataƙila ma bai san wanda ya ɓata ba. Ya ce, "Wanda ya ɓata ɗin, ya san an yi asarar masara?" Na ce bai sani ba, ba kuma zai taɓa sani ba. Kawu ya gyaɗa kai. Ya ce Allah ya saka wa mai gyaran, ya tambaye ni lafiyar mahaifiyata.

Har yanzu da tsarin nan nake aiki, har yanzu ina koyar da shi, kuma zan ci gaba. Na ma koyi rubuta ƙara yadda za a kula ta, ina kuma gwada sababbin fitowa a kan tsofaffin na'urori in aika musu abin da na gani, don wani a wani ƙauye. Amma zafin wa'azin ya tafi, abokaina sun dawo kira na shayi.

Da rani ya kusa ƙarewa a shekara ta gaba, wata Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, na je sayen albasa na biya ta wajen shanu in gaida Kawu. Ina nan sai ga Baba ya iso daga coci, da rigarsa ta Lahadi, yana tura keke. Ni na yi zaton ba zai sake zuwa ba, ko kuma wurin wani dillalin zai nufa, ga su nan birjik. Kai tsaye wurin Kawu ya zo. Suka gaisa kamar yadda suka saba, gida, iyali, zafi. Ya ce wani ɗan ƙungiya ne sansa ya tsufa, ana son matashi mai ƙarfi.

Kawu ya kai shi wurin wani farin sa mai faɗin ƙirji. Baba ya dube shi daga nesa ya ce, "In ka ce ya yi, Alhaji, ya yi. A kai masa gobe." Ya juya kekensa zai tafi.

Kawu ya ce, "Tsaya, Dattijo."

Ya naɗe hannun rigarsa. Ya kama hancin san da hannu ɗaya, ya danna leɓen ƙasa da ɗayan, ya buɗe bakin. Kawu ya tsufa, san kuwa matashi ne, ya fizge kai har ya kusa yar da shi. Na yunƙura zan taimaka ya harare ni na tsaya. Ya sake kamawa ya riƙe, yawun san na bin hannunsa har gwiwa.

"Zo ka duba haƙoransa."

Baba ya maida hannuwansa baya ya riƙe. Ya ce, "Alhaji, bari. Yaushe muka fara haka?"

"Ka duba da idonka."

"Na ce na yarda."

"Na ji. Ka duba."

Dillalan da ke kusa sun tsaya suna kallo. Jijiyoyin wuyan Kawu sun tashi, amma bai saki ba, kuma na san ba zai saki ba ko san zai karya masa yatsu. Baba ma ya sani. Ya jingine kekensa, ya cire hularsa, ya matso a hankali ya sunkuya ya leƙa bakin san. Da ya ɗago fuskarsa ta canza, muryarsa ta yi ƙasa.

"Na gani, Alhaji."

Kawu ya saki. Ya goge hannunsa a jikin san, ya tsaya ya maida numfashi. Sannan ya zagaya, ya durƙusa da ƙyar, ya kama ƙafar gaba ya ɗaga.

"Saura kofato," ya ce.